Shaidar Auta a Bakina

Lahadi, bayan sujada

An yi ta tafi yau a coci saboda Auta ya shigo da ƙafafunsa. Ƙanin mijina, wanda likitoci suka ce wa surukata ta shirya zuciyarta a kansa, shi ne ya tako daga ƙofa har bencin gaba da sanda a hannu, matarsa na biye da shi tana sharar hawaye. Mama ta miƙe ta taka rawa, ita da kullum take cewa gwiwa ce ta hana ta zuwa gidanmu akai-akai.

Ni ina tsaye a gefen Fasto da makirfo, don ni ce tafinta. Rabin jama'armu ba sa jin Turanci, sauran rabin kuma Hausarsu ta gaisuwa ce, saboda haka duk abin da aka faɗa a gaba sai ya bi ta bakina. Fasto ya ce Ubangiji mai jinƙai ne, na ce Ubangiji mai jinƙai ne. Ya ce ya ta da ɗanmu daga gadon mutuwa, na maimaita. Muryata ba ta yi rawa ba, har wata ta tare ni a bakin ƙofa tana yaba ƙarfin halina.

Bencin da Auta ya zauna a kai, Maigidan ne ya ƙera shi da hannunsa. Mota ɗaya suka shiga su biyu ranar da aka yi hatsarin nan. Na dawo gida na sallami ƙanwata da ke zama da shi, na tarar da nawa yadda na bar shi a gadon da muka sa masa a falo, ido a silin, ɗan tawul a ƙarƙashin haɓa.

Litinin, da sassafe

Na yi masa wanka, na shafa mai a baya da diddige, na juya shi ɓangaren hagu kamar yadda aka koya mini. Ɓangaren dama ba ya jin komai. Na hagun, likita ya ce lafiyarsa ƙalau, sai dai mai shi bai ga damar motsa shi ba tukuna. Yana haɗiye abin da na ba shi a cokali, yana buɗe ido, yana rufewa. Bai ce uffan ba tun ranar.

Mutumin nan shi ke buɗe coci kowace safiyar Lahadi tun kafin a ɗaura mana aure. Bai taɓa sa giya a bakinsa ba, ko da wasa. Na tuna wa Ubangiji wannan a addu'ar safe, ko da yake na san bai manta ba.

Talata, lokacin tara

Ina ofishin malamai ina makin jarrabawar 'yan aji uku, malamar lissafi ta jawo kujera ta ce ta ji labarin al'ajabin da aka yi a gidanmu. Na ce ba gidanmu ba ne, gidan ƙanin miji ne. Ta ce ai duk ɗaya ne. Na ce haka ne. Yarinyar da takardarta ke gabana a lokacin ta sha jan biro fiye da laifinta, sai da na koma na gyara mata.

Laraba, da yamma

Faccalata, matar Auta, ta zo gaida mu da kwanon abinci. Ba ta da mugun nufi, na sani, wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Ta zauna a kicin tana ba ni labarin wahalar da take sha: wai tunda Auta ya tuba ba ta da sakat, da asuba yake tashinta addu'a, ya yi ta kuka a gwiwa har ƙafar ta kumbura, ga ci kamar gara, ta dafa ta ƙara bai ƙoshi ba. Jiya ma wai har faɗa suka yi a kan gishiri.

Na kalli bakinta yana motsi, na ji da ma a ce ni ce aka yi wa faɗa a kan gishiri. Ina kishin matar nan, kishin da ban taɓa yi wa kowa ba. Ina kishin kumburin idonta na rashin barci, ina kishin tukunyar da take ɗorawa sau biyu.

Da za ta tafi ta ce Auta na son zuwa ganin yayansa, sau nawa yana zuwa ana ce masa yana barci. Na ce ai barcin yake yi.

Alhamis, da rana

Ban ci abincinta ba, na ba maƙwabta.

Juma'a, da yamma

Fasto ya zo, ya yi wa Maigidan addu'a, ya ɗora masa hannu a goshi. Sannan ya ce Auta ya nemi a ba shi dama ya ba da shaida a gaban jama'a, ba wannan Lahadin ba, ta sama. Ya ce ya san abin da nauyi, in ba zan iya ba sai ya nemi ɗaya daga cikin matasa ya tsaya.

Na ce zan tsaya. Wa zai tsaya in ba ni ba?

Ya yi ajiyar zuciya ya ce dama ni yake so, don na san inda ake rufa asiri. Gaskiyarsa. Aikin tafinta ba a cewa "ya ce" ko "ta ce". In mutum ya ce na yi sata, kai ma na yi sata za ka ce, da bakinka, a gaban kowa. To mutanenmu in zafin tuba ya ɗebe su sai su kwance komai, har sunan matar da suka bi. Shekara da shekaru ina tankaɗe musu magana kafin ta isa kunnen iyayensu da surukansu. Duk ƙazantar da aka zubo, sai in ce "na yi nisa da Ubangiji", tsofaffi su gyaɗa kai, a wuce wurin. Akwai auren da har yau yana tsaye saboda wannan jimlar tawa.

Fasto bai san abin da na sani ba, ko kuma ya sani yana yi mini kawaici. Ni na fara isa asibiti ranar nan. Ni na sunkuya a kan Auta kafin a wanke masa baki, na ji warin abin da ya sha. Kuma ni Maigidan ya kira a waya kafin su taso, yana cewa kada in jira shi da abinci, yaron nan ya ƙi ba shi makulli, ba zai bar shi ya taho shi kaɗai ba.

Asabar, da hantsi

Na je sayen magani na dawo, na ga sandar Auta a jingine a bakin ƙofar falo. Ƙanwata ce ta buɗe masa, ba ta san dokar ba, don ban taɓa faɗinta da baki ba.

Yana durƙushe a gaban gadon, goshinsa a kan katifa, yana ta "Yaya, Yaya" kamar ƙaramin yaro. Na tsaya a bayan labule da ledar magani a hannu. Sai na ga hannun hagun ya taso daga kan zanen gado, a hankali, ya laluba, ya sauka a kan ƙeyar Auta. Yatsun suka motsa a cikin gashinsa.

Auta bai ɗago ba, ina jin ya ɗauka ƙanwata ce ko ni. Ita kuma tana bayan gida tana shanya. Na yi gyaran murya na shiga, hannun ya zame ya koma inda yake. Na ce lokacin magani ya yi, a ba mu wuri.

Asabar, da yamma

Ni ke wanke hannun nan kullum, yatsa bayan yatsa. Ni ke yanke masa farce.

Lahadi, bayan sujada

Wa'azi a kan haƙuri. Na fassara shi tsaf.

Litinin, da yamma

Mai motsa masa jiki ta zo, ta lanƙwasa, ta miƙar, ta tambaye ni ko na ga wani canji, ko ƙanƙani ne. Na ce babu. Ta ce irin wannan ciwon na kai wani lokaci murya ɗaya ce ko fuska ɗaya ke jawo mutum waje, kuma watannin farko su ne masu tsada, in aka bari suka wuce abin yakan daskare. Duk abin da muka ga yana motsa shi, mu yawaita masa.

Bayan ta tafi na rufe ƙofa, na durƙusa daidai inda Auta ya durƙusa, na kifa goshi a katifa. Na kira shi da sunan da nake kiransa a gaban mutane, na kira shi da wanda babu wanda ya sani. Na yi masa waƙar da yake so in yana aski. Har na ɗauki hannun da kaina na ɗora a kaina, ya zauna da nauyinsa kamar an ɗora mini buhu, da na saki ya zame.

Na tashi na haɗa masa shayi.

Laraba, da la'asar

Auta ya sake zuwa. Wannan karon ni na buɗe, na tsaya a tsakiyar ƙofa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Da can in ya zo tun daga waje yake kiran "matarmu, me aka dafa", in ce masa maroƙi ba ya zaɓe. Yau ko idona bai iya kallo ba.

"Anti, minti biyar kawai. Ba zan yi magana ba."

"Yana barci."

"Na ji tarinsa yanzu."

"A cikin barci yake tarin."

Ya ce to Allah ya ƙara sauƙi, ya juya. Na bi shi da kallo yana sauka daga dakali, sanda gaba, ƙafa mai lafiya, sannan ɗayar. Tafiyar ba ta da kyan gani, amma tafiya ce. Da za a ba nawa rabinta, da na zagaye unguwar nan da gwiwa.

Alhamis, da sassafe

Ban yi addu'a ba yau, faɗa na yi. Na ce, Ubangiji, ka ce mai tuba ba ka korarsa, na yarda, ni da kaina na faɗa wa ɗaruruwan mutane haka a makirfo. To wanda bai yi abin tuba ba fa, ina nasa layin? Sai mutum ya fara ɓata kafin ka waiwaye shi? Ka ba wancan ransa, ka ba shi ƙafa, ka ba shi hawayen tuba har mutane suna sha'awarsa. Duk wannan bai isa ba, ɗan motsin da ya rage a hannun mijina ma shi ka ba.

Na yi shiru ko zan ji wani abu. Firij ne kawai ke ƙara.

Na san abin da mai motsa jiki ta ce. Ba sai an tuna mini ba.

Juma'a, da rana

Mama ta zo, gwiwar ta bari yau. Ta zauna kusa da babban ɗanta tana shafa masa ƙafa, tana ba shi labarin Auta: Auta ya ajiye sanda ya yi taku kaza, Auta ya shiga ajin nazari na coci, Auta zai ba da shaida jibi, ta ɗinka sabon kaya. Sannan ta juyo gare ni ta ce Allah ya isa tsakaninta da mai babbar motar da ya matse su a hanya, don Auta tun yana saurayi ba a taɓa jin ya goge ko kaza ba.

Babu wata babbar mota. Ban san wa ya ƙirƙiro mata ita ba, wataƙila faccalata, saboda hawan jinin tsohuwar.

Maganar ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta da ruwa. Na san irin shaidar da zai bayar. Na yi nisa, Ubangiji ya jawo ni, na mutu, ya tashe ni, a tafa. Zai tsallake wurin nan kamar yadda kowa ke tsallakewa. To makirfon Hausa a hannuna yake. Wanda ya iya ragewa ai ya iya ƙarawa.

Asabar, da yamma

Na goge farar rigata. Ina guga ina gwada jimlar a bakina, gajeriya ce, za ta shige tsakanin biyu daga cikin nasa ba tare da ya farga ba sai ta fita.

Lahadi, da yamma

Cocin ta cika har waje. Mama a bencin gaba da sabon kayanta, faccalata a gefenta. Auta ya hau ba sanda, aka yi tafi, ya jira aka gama. Sai ya fara da Turanci. Shi da duk rayuwarsa Hausa yake yi, Turancinsa na kasuwar kayan mota ne. Na ce a raina, ga tsoro ga son burgewa.

Ya gode wa Ubangiji, na gode wa Ubangiji. Ya gode wa likitoci, na gode musu. Ina riƙe da jimlata ina jiran gurbi. Sai kawai na ji ya ce ranar nan ya sha, ya sha sosai, yayansa ya roƙe shi makulli har sau uku ya hana, ya ce masa in yana tsoro ya sauka ya hau ta haya. Ya ce babu wata mota da ta matse su, shi ne ya bar hanya.

Masu jin Turanci suka yi tsit. Tsofaffin gaba suka ɗago suna kallon bakina, Mama da murmushinta.

Na buɗe baki na ce, "Na yi nisa da Ubangiji."

Wanda ya ji zai ce rufin asiri na yi, ko tausayin tsohuwa. Ni na san ba haka ba ne. Haushi ne ya kama ni. Abu ɗaya da nake da shi a kansa, wanda na yi makonni ina goyo, shi ma ya zo ya karɓe da hannunsa ya mai da shi tuba. Ban so ya samu wannan ɗin ma.

Ya kau da makirfonsa gefe, ya matso, ya yi magana da Hausa ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Anti, ki faɗa yadda na faɗa. Na gwada gaya wa Mama da bakina na kasa, shi ya sa na yi da Turanci. Don Allah ki ara mini naki."

Na faɗa. Na sha, na ce. Yayana ya roƙe ni makulli na hana. Ni na bar hanya. Ina kallon fuskar Mama tana saukowa a hankali, hannunta ya kama bakin bencin. Ya ci gaba, ina bin sa jimla bayan jimla, don in aka shiga ba a tsayawa. Ya ce bai san dalilin da ya sa aka tashe shi aka bar yayansa ba. Ya ce kowace safiya yana tambayar Ubangiji, bai samu amsa ba. Ya ce da ana bin cancanta, shi ya kamata ya kwanta a gadon nan, wancan ya tsaya a nan.

Wannan maganar tawa ce, ita nake kai wa Ubangiji kullum a ɓoye. Yau na faɗe ta a lasifika, kowa na ji, amma da "ni" a cikinta: ni ya kamata in kwanta. A nan muryata ta tsinke. Fasto ya miƙo hannu zai karɓi makirfon, na hana shi, na ƙarasa. Ƙarshen shaidar roƙon gafara ne, ga Mama, ga yayansa, ga matar yayansa. Haka na tsaya a gaban jama'a na roƙi kaina gafara.

Ba a yi tafi ba. Mama ba ta bi su gida ba, ni ta biyo. Ta zauna a gefen gadon babban ɗanta har rana ta faɗi, tana goge masa baki da gefen sabon mayafinta. Abin da na so ke nan, ta sani, ta zauna a nan ba can ba. Na samu, kuma ban ji daɗin komai ba.

Litinin, lokacin tara

Na fita bayan ajujuwa na kira mai motsa jiki, na ce ranar nan da ta tambaye ni akwai canji, hannun hagu ya motsa. Ta tambayi me ya motsa shi, na faɗa mata. Ta ce to me ake jira.

Na kira ɗaya lambar, ta Auta. Na ce ya zo da yamma, yayansa ba ya barci.

Litinin, da yamma

Ya zo shi kaɗai, sandar ta dawo, ƙafar ta kumbura saboda tsayuwar jiya. Mama na kan kujera, ba ta amsa gaisuwarsa ba, ba ta kuma tashi ta fita ba. Ya wuce ya durƙusa a ɓangaren hagu. Ni na zagaya na zauna a dama, na riƙe hannun da ba ya ji.

Ba a daɗe ba hannun hagun ya taso, ya sami kan Auta. Wannan karon kowa ya gani. Mama ta dafe ƙirji. Sai idon Maigidan ya bar silin ya sauko kan Auta, leɓensa ya ja gefe, wata ƙara ta fito, mai kauri, kamar ta mai magana da abu a baki. Ya huta, ya sake yi.

Auta ya ɗago, fuska jiƙe, ya kalli Mama, Mama ta girgiza kai. Ya juyo gare ni.

"Anti, me ya ce?"

Ni na ji tun a karon farko. Kafinta na aura, rabin hirarmu a shagonsa da ƙusoshi a tsakanin leɓɓansa muka yi ta. Babu wanda zai ƙaryata ni a ɗakin nan, duk abin da na ce ya faɗa, shi ya faɗa. Da na ce sunana ya kira, har Mama sai ta yi mini murna.

Na ce, "Tashi ka zauna. Ƙafarka."

Auta ya kifa kai ya fashe da kuka, bai tashi ba, sai da Mama ta turo masa kujera da ƙafarta.

Maganarsa ta farko ke nan tun ranar, kuma ba tawa ba ce. Har yanzu da nake rubutun nan abin yana ci na, ba zan ɓoye ba. Amma na faɗe ta daidai, ban rage ba, ban ƙara ba. Na ce wa Auta ya dawo gobe, da jibi, ya riƙa zuwa da wuri kafin yayansa ya gaji.

Ubangiji, ka ga dai na kawo shi. Maganarsa ta gaba a ba ni.